Rubutun da na Tarar a Gidan Bature

Ruwan sama ne ya kai ni gidan nan, ba son kallon zane-zane ba. Ina cikin yawo a bakin teku a garin Bournemouth, can kudancin Ingila, sai aka kece da ruwa. Na hau tudu a guje, na fake a wani katafaren gida mai fuskantar teku. Ashe gidan ajiye kayan tarihi ne.

Wani attajiri mai otal, wai shi Merton Russell-Cotes, shi ya gina wa matarsa Annie, ya ba ta kyauta a 1901, shekarar da Sarauniya Biktoriya ta rasu. Kyautar gida sukutum fa, jama'a, ba turmin atamfa ba! Su biyun mutane ne masu yawon duniya, kuma duk inda suka je ba su dawowa hannu rabbana. Tafiyarsu Japan a 1885 kaɗai ta cika ɗaki guda. Ga zane-zane tun daga ƙasa har rufi, ga gumakan farin dutse, wasunsu ko ƙyalle babu, har sai da na riƙa kawar da kai. Annie ta rasu a 1920, mijin ya bi ta a 1921, gidan da kayan duka suka zama na mutanen gari.

To, duk wannan bai taɓa ni ba sai da na hau bene. Akwai wani ɗan lungu da aka ƙawata irin na fadar Alhambra ta Andalus. Ina ɗaga kai sai ga Larabci ya zagaye ƙubba: babu mai rinjaye sai Allah. Wata uku ke nan ina ƙasar, komi sai an yi mini bayani, yau ga abin da na fi kowa a ɗakin sani. Ban ankara ba na karanta a fili.

Wata tsohuwa da ke kusa ta juyo ta ce, "Au, rubutu ne? Ai na ɗauka ado ne." Na fassara mata. Ta yi shiru, ta sake ɗaga kai.

Na yi murna, amma murnar da ɗan ɗaci. Shin maigidan ya san abin da ya sa aka rubuta a kansa, ko shi ma ado ya gani ya kwaso?

Ko da na fito ruwa ya ɗauke, takalmina kuwa bai bushe ba.