Gidan haya da tambayar "daga wane gari kuke?"

Jama'a, duk mai dangi a ƙauyukan bakin Dajin Rugu ya san sabon aikin da ya hau kan mazauna birni: neman gidan haya. Waya ce kawai za ta shigo da asuba a ce "mun taso", kafin la'asar mota ta sauke su a Ƙofar 'Yanɗaka da tabarmi da tukwane, da buhun gero ɗaya in an yi sa'a.

Ni nawa rabon Kawu ne, yayan mahaifiyata, manomi daga wani ƙauye yamma da Batsari. Mata biyu, yara goma sha ɗaya, ga tsohuwa. Ya haura sittin bai taɓa biyan ko sisi don ya kwana a ɗaki ba. A ƙauye in ana son ɗaki sai a kwaɓa ƙasa, a buga tubali, a kira gayya, shi ke nan. Da na ce masa kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya tun kafin a ba ka makulli, sai ya ce, "Ɗan nan, ko amfanin gona ai sai kaka ake gani."

Cikin garin Batsari muka fara dubawa, don ya fi son kusa da gonarsa. Babu. Garin ya daɗe da cika. Tun kisan manoman 'Yar Gamji a Mayun 2019, wanda har aka ɗauko gawarwakin aka kawo Katsina don hukuma ta gani da idonta, sannan harin Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020, mutane ke kwararowa. Zaure ya zama ɗaki, shago ya zama ɗaki, wasu ma a azuzuwan firamare suka fara sauka. Mutanen Safana kuwa, irin na wajen Runka, da yawansu Dutsin-Ma suke nufa, su tarar da ɗaliban jami'ar tarayya da aka kafa a 2011 sun riga su. Mai gida kuma ya fi son ɗalibi: mutum ɗaya ko biyu a ɗaki, iyaye ke biya, hutu ya zo a kulle a tafi.

Sai Katsina. Tsadar ba zan daɗe a kanta ba, kowa na ji a jikinsa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, siminti da kwano sun tashi, masu gidaje suka bi. Ga la'adar dillali kashi goma, ga kuɗin mashin na zagaye, wanda kai za ka biya ko an dace ko ba a dace ba. Wannan duk mun shirya masa, 'yan'uwa sun yi karo-karo.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Tambaya uku ake yi. Mece ce sana'arsa? Su nawa ne? Daga ina suke? Ta biyun ina fahimta, mai gida na tunanin rijiyarsa da masai. Amma ta ukun, wallahi da ka ce Batsari sai ka ga fuska ta canja. Gida uku muka daidaita kuɗi, magana ta watse a nan. Wani dattijo, mutumin kirki a ganina, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ba don komai ba, amma ka san zamani. In infoma ne fa? Ni unguwa za ta tuhuma."

Ba na cewa babu infoma. Akwai su, kuma mutanen ƙauye sun fi kowa sanin ɓarnarsu, don su ake nunawa. Amma ku duba wanda ake zargin. Mutumin da aka kora wa shanun noma, ya sayar da gona guda ya fanso surukarsa, ya bar gidan da ya binne ubansa. Ya gudo wa ɓarayi, ya zo birni ana yi masa kallon abokin ɓarayi. Kawu na tsaye a bakin ƙofa yana jin komai, bai ce uffan ba. A hanya ne ya ce in daina zuwa da shi.

Kuma abin nan yana da magani mai sauƙi. Kowane ƙauye yana da mai unguwa da dagaci, akwai Sarkin Ruma a Batsari, akwai Yariman Katsina a Safana. Takardar shaida daga dagaci, da mutum ɗaya mazaunin birni da zai tsaya wa mai haya, ai ya fi zato. Ni na ce zan tsaya, ga katin aikina, duk da haka aka ce a'a.

Wasu za su ce ai an yi sulhu a 2025, su koma mana. Wasu sun koma, gaskiya ne. Kawu ma yana zuwa da manyan samarin su yi noma. Amma ya ga sulhun 2019 na zamanin Masari da yadda ya ƙare, ya ce ba zai kwashe mata da ƙananan yara ba sai ya ga damina biyu lafiya. Ni ban ga laifinsa ba.

A ƙarshe kango muka samu a bayan gari, ɗaki uku, mai shi ya ce mu sa ƙofofi da taga su zauna. Mun sa. Yanzu ya aiko cewa bayan Babbar Sallah zai ci gaba da gininsa, kuma haƙƙinsa ne.

To ga inda muke. Duk wanda ya san gida mai ɗaki uku ko huɗu, da ruwa kusa, musamman ta ɓangaren hanyar Batsari, don Allah ya yi mini magana ta inbox. Ku faɗa wa mai gidan tun farko daga inda suke da ko su nawa ne, kada mu sake wahalar da juna.