Laifin da Na Ɗora wa Baba Maigadi

Sau uku cikin mako biyu babbar kwamfutar ofishinmu ta mutu cikin dare. Da safe sai mu tarar da baƙin allo cike da rubutu, aiki ya tsaya cik. Ni ke kula da ita, don haka ni ake kallo.

Na san Baba maigadi yana shiga ɗakin sa cajin waya. Ba tare da bincike ba na ce wa manaja ina jin shi ke taɓa wayoyi. Aka karɓe masa makulli, aka ce in ya ƙara, a bakin aikinsa.

Bayan kwana biyar ta sake mutuwa, ɗaki kuwa a kulle.

Sai na kwana a ofis. Wajen ƙarfe biyu aka ɗauke wuta, Baba ya tada janareta. Kwamfutar tana kan batir, ba ta ko girgiza ba, amma akwatin da ke raba intanet ya mutu ya dawo. A wannan ɗan tsakanin allon ya cika da rubutu. Na ɗauki hotonsa, na bi layi-layi, sai ga sunan direban katin sadarwa.

Linux muke amfani da shi. Idan manhaja ta gama-gari ta yi kuskure, ita kaɗai ake rufewa. Direba kuwa a cikin kanel yake zaune, wato zuciyar tsarin, inda babu katanga tsakaninsa da sauran. Namu, da layi ya yanke, yakan mayar da gurbin ƙwaƙwalwar da yake ajiye saƙonni, alhali wani sashensa bai gama karanta gurbin ba. Kanel kuma ya gwammace ya tsaya gaba ɗaya da ya ci gaba da lalata bayanai. Na sabunta kanel, na haɗa akwatin da batir. Shi ke nan.

Gyaran bai kai awa guda ba. Zuwa wurin Baba ne ya ɗauke ni kwana biyu.

Na durƙusa na ce, "Baba, ku yafe mini, ba laifinku ba ne."

Ya ce, "Ɗana, ai da ka tambaye ni. Duk daren da ta mutu, sai da na tada inji."

Amsar da na nema da digirina tana bakin ƙofa tun ranar farko, a kan benci, riƙe da tocila. Da kaina na je wurin manaja na karɓo masa makullinsa.