Jijiyar da Hoto Bai Nuna Ba

Yaron yana da shekara 9 lokacin da ya faɗo daga bishiyar mangwaro ta bayan gidansu. Ya dafa ƙasa da hannun dama, ƙasusuwa biyu na sangalin hannun suka karye. Kafin magariba gida ya rabu biyu. Kakarsa ta ce a kira maɗori, wanda ya taɓa ɗora ƙafar kawun yaron har ta warke sarai. Mahaifinsa kuwa, malamin Hausa da ya daɗe yana koyar da ilimin ma'ana, ya dubi yadda hannun ya lanƙwashe ya ce asibiti za a tafi. Maganarsa aka bi.

Da aka ɗauki hoto, likita ya ce ƙasusuwan sun goce ƙwarai, ɗaurin filasta kaɗai ba zai riƙe su ba. Za a zura wa kowane ƙashi siririn ƙarfe mai lanƙwasuwa ta cikin ramin ɓargo, dabarar da likitocin birnin Nansi na ƙasar Faransa suka ɓullo da ita tun ƙarshen shekarun 1970. Kafin a sa hannu a takarda sai ya ƙara da cewa, "Malam, akwai jijiyoyi a tsintsiyar hannu, wani lokaci ƙarfen yakan taɓa su." Malam ya gyaɗa kai. A ransa ya fassara maganar da irin mutuwar fatar da kan biyo bayan rauni, wadda takan wuce da kanta. Bai tambayi wace jijiya ake nufi ba.

Aiki ya yi kyau, ƙashi ya fara haɗewa. A mako na 7 mahaifiyar yaron ta lura cewa idan zai ɗauki kofi sai ya tura babban yatsansa da ɗaya hannun. Kan yatsan ya karkata zuwa tafi, ya ƙi miƙewa. Babu kumburi, babu wani ciwo na a zo a gani. Malam ya ce ai likita ya faɗa, jijiya ce, a ba ta lokaci. Aka ba ta mako 3.

Ranar da suka koma asibiti, likita bai fara da hoto ba. Ya sa yaron ya kifa tafinsa a kan tebur, ya ce ya ɗaga babban yatsa sama. Yatsan bai tashi ba. A hannun hagu, da yaron ya ɗaga, wata igiya ta taso ƙarƙashin fata daga tsintsiya zuwa gindin yatsa. A hannun dama wurin shafe yake.

A nan ne Malam ya ji bayanin da ya kamata ya nema tun farko. A bayan tsintsiyar hannu, a ƙarshen ƙashin da ke ɓangaren babban yatsa, akwai ɗan tudu da ake kira da sunan Joseph Lister, likitan tiyata na Ingila. Igiyar tsokar da ke miƙar da kan babban yatsa tana kewaya wannan tudu kamar yadda igiyar guga ke bin bakin rijiya, kuma jinin da ke isa gare ta a daidai nan kaɗan ne. Idan ta nan aka shigar da ƙarfen, ƙarshensa da aka yanke yana iya gogar ta duk lokacin da yatsa ya motsa, ta yi ta sillewa har ta tsinke. Idan kuma aka shigar ta gefe don a kauce mata, akwai wata jijiyar a can, mai kai saƙon ji zuwa fatar bayan hannu. Wannan ta biyun idan ta bugu sau da yawa takan farfaɗo. Ta farkon idan ta tsinke ba ta haɗa kanta, kuma hoton ƙashi ba ya nuna ta.

Abin da ya tsaya wa Malam a rai shi ne, darasin nan shi yake koyar da shi. Ya sha rubuta kalmar jijiya a allo a matsayin misalin kalma ɗaya mai ma'anoni da yawa: hanyar jini jijiya ce, mai kai saƙon ji jijiya ce, igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi ma jijiya ce, in ban da ta bayan diddige da aka keɓe wa suna agara. A aji abin nishaɗi ne. A ofishin likita ya zaɓi ma'anar da ta fi kwantar masa da hankali, ɗansa ya yi mako 3 yana jiran abin da ba zai dawo ba.

Bakunan igiyar sun riga sun zare, sun ja da baya, ba su ɗinkuwa. Sai aka cire ƙarfen, aka aro igiya daga maƙwabta. Manuniya tana da igiyoyi biyu masu miƙar da ita. Aka yanke ɗaya, aka karkato da ita aka ɗinke a ragowar ta babban yatsa. Hannun ya yi kusan wata a ɗaure. Bayan an kwance, mai gashin ƙashi ta koya wa yaron ya ƙudurta nuni da manuniya, sai babban yatsa ya tashi. Ya yi ta dariya a ranar farko. Da tafiya ta yi tafiya ya daina tunanin manuniya, yatsan ya koma bin umarninsa kai tsaye.

Kaka ba ta fasa cewa da maɗori aka kira da ba a yanka yaro sau biyu ba. Malam yakan ce, "Hajiya, da hannun ya haɗe a karkace fa?" Har yau ba su daidaita ba. Shi dai bai yi nadamar zuwa asibiti ba, tambayar da bai yi ba ce take damunsa. A zangon karatu na gaba, da ya zo kan wannan misali, ya sa ɗalibai suka kifa tafukansu a kan tebura, kowa ya ɗaga babban yatsa ya shafa igiyar da ta taso, sannan ya tambaye su da wane suna za su kira ta a gaban uban da zai sa hannu a takarda.