Allura Ta Sama Mini Ƙawaye A Toranke

Mai karatu, ka san ni da surutun fim. To amma da aure ya ɗauko ni daga Kano, ya bi da ni ta Wudil da Gaya ya dire ni a Toranke ta ƙaramar hukumar Ajingi, wata biyu na yi ba abokiyar hira. Sai dai a ce "Amarya, an tashi lafiya?" ta kan katanga, shi ke nan.

Ranar da kewa ta ishe ni har na haɗa jakar tafiya gida, sai dattijuwar maƙwabciyata ta aiko aron allura. Na bi 'yar aiken. Ashe bayan la'asar mata ke taruwa a tsakar gidanta, wasu na ɗinkin hula, wasu na harhaɗa ƙyallayen da teloli suka rage su zama abin shimfiɗa.

Ɗinkina ya karkace, aka yi ta dariya. Iya ta warware shi tas, ta ce, "'Yar nan, sake." Da na ambaci Labarina na Aminu Saira kuwa, wallahi sharhin da suka yi wa Sumayya ya fi wanda nake rubuto muku zafi.

Jakar tafiyar nan, yanzu ƙyallaye nake tarawa a cikinta.