Musun Mashaya a kan Dawa

Mu da muka tashi a Wuro Patuji, cikin garin Mubi, ba sai mun kai ƙwarya baki ba kafin mu san cewa burukutu ma yana da masanansa. Da yawanmu addini ya haramta mana shi, amma bai toshe mana kunne ba, ga shi kuma katangar maƙwabta ba ta da tsawo. Ta samanta muke jiyo dattawan Fali da na Gude suna tafka musu da la'asar sakaliya, kai ka ce shari'ar gado ake yi.

Babban abin musun shi ne lokaci. Wasu sun dage a kan cewa babu kamar na kaka, sa'ad da sabuwar dawa ta shigo gida, domin kuwa tsironta ya fi ƙarfi, sanyin hunturu kuma yakan sa tukunya ta nuna a hankali. Wasu kuwa na bazara suke yabo, wanda zafin Maris da Afrilu ke tsamar da shi tun kafin rana ta faɗi, har sukan yi wa na kaka ba'a, su ce kunun yara ne. Mu dai a namu ganin, ba ɗanɗano kaɗai suke karewa ba. Kowa hannun matar da ya saba da gidanta yake karewa.

Aikin kuwa ba na raggo ba ne. A jiƙa dawa, a shimfiɗa ta har ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, a bari ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa, sannan a bar shi ya tashi. Kusan mako guda ke nan, alhali abin da aka samu ba ya jure ajiya. Idan bai ƙare a kwana ɗaya ko biyu ba, hasara ta tabbata. Shi ya sa mai gidan takan ɗora farfesu a gefe, don barkono ya zaunar da baƙo. Mun sha jin ana yafe wa giya lami saboda romo ya yi daɗi.

A Landan, sai a 1991 aka buɗe The Eagle, mashayar da ake cewa ita ta fara ɗaukar girki da muhimmanci kamar abin sha, kuma har yau Turawa na ta rubuce-rubuce a kan irin waɗannan wurare da giyar da ake yi don wani yanayi na shekara. Matan gindin duwatsun Mandara ba su jira kowa ya raɗa wa abin suna ba.

Sai dai akwai wani ɓangare da mashaya ba su cika taɓowa ba. Tun 1988, lokacin da gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, manyan kamfanonin giya suka juyo kan dawa. Ashe ke nan tuwonmu, da tukunyar maƙwabciyarmu, da kwalbar kamfani, duk rumbu ɗaya suke kallo. A watan Agusta, idan rumbu ya yi ƙasa, mudu ya yi tsada, mukan ga mai burukutu da iyayenmu mata tsaye gaban mai awo ɗaya a kasuwar Mubi, ita tana lissafin kuɗin makarantar 'ya'yanta, su suna lissafin tuwon dare.