Bindiga Ce Ke Zaɓen Harsashinta

Wata Asabar cikin hunturu, abokina da ke aiki a Bamingam ta ƙasar Ingila ya ɗauke ni zuwa kulob ɗinsu na masu gasar harbi, can bayan gari. Na tashi ina ganin maharban garinmu suna ɗura albarushi a bindigar toka, kowa da nasa awon. Don haka na zaci mutanen nan sun huta da wannan aikin, tunda masana'anta ta auna komai ta rufe. Ashe aikin yana nan, kamanni kawai ya sake.

Duk bindigogin wurin ƙanana ne, masu cin harsashin da ake kira .22, wanda kamfanin Stevens na Amurka ya fito da shi a 1887. Bai kai ƙaramin yatsa tsawo ba. Kaurin dalmarsa milimita 5.6, nauyinta gram 2.6. Sinadarin da ke tayar da wutarsa ba a tsakiyar gindi yake ba kamar na manyan harsasai. An zagaya shi ne cikin leɓen gindin kwanson, idan an ja kunama ƙarfe ya daki leɓen. Leɓen ya riga ya lotse, saboda haka ba a sake cika kwanson. Maharbin garinmu yana iya ƙara albarushi ko ya rage. Na nan ba shi da wannan ikon, iyakarsa ya zaɓa.

A nan na zauna kusa da wani dattijo mai furfura, ya jera kwalaye huɗu a gabansa, kowanne harsashi 50, ga ɗan littafi da fensir. Ya miƙo mini harsashi guda ɗaya. Na ji maiƙo a yatsuna, ashe kakin zuma da kitse ake shafa wa dalmar.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wanne ya fi kyau a cikinsu?"

Ya ce, "Ɗana, ba ni za ka tambaya ba, ita za ka tambaya." Ya shafa bindigar.

Ya kwanta rub da ciki, ya yi harbi goma da kwali na farko a nisan mita 50, ya duba ta madubin hangen nesa, ya rubuta. Kafin ya gwada na biyu sai da ya goge cikin bututun, ya kuma yi wasu harbe-harbe da bai lissafa ba, don maiƙon sabon harsashi ya zauna. A takardar da ake harbi, da'irar da ke ba da maki goma faɗinta milimita 10.4 ne, kamar ƙwayar gurjiya. Wanda ke neman wannan a mita 50 dole ya damu da abin da ni ban ma san ana damuwa da shi ba: lambar rukunin da aka buga a jikin kwali. Kamfani ɗaya, suna ɗaya, kuɗi ɗaya, amma rukunin da wannan inji ya fitar yau ya bambanta da na wancan, kuma kowane bututu da irin girgizarsa. Kamfanin Eley, wanda aka kafa a 1828 kuma ya fito da harsashin gasa mai suna Tenex a 1951, yana da masana'anta a Minworth, kusa da inda muke. Har filin gwaji gare su, inda mutum zai kai bindigarsa a ɗaure ta a matsi, a yi ta gwada rukuni-rukuni sai an dace.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba sa son mai gudu. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa. Harsashin gasa an yi shi ya tsaya ƙasa da haka kaɗan. Mai saurin yana wuce sauti, ya sake faɗowa ƙasa da shi a hanya, kuma iska ta fi ture shi. Masu harbin zomaye a gonaki su ma marar gudun suke saye don rage ƙara, sai dai nasu mai rami a baki ne.

Da yamma dattijon ya nuna mini takardun huɗu da ya harba. Kwalin da ya fi tsada ya watsa, ramukan wani mai matsakaicin kuɗi kuwa sun haɗe wuri guda. Na ga mutum ya yi wa ƙaramin abu haƙurin yini guda, kuma ya burge ni ƙwarai. Ya ja layi ƙarƙashin lambar rukunin, muka je wurin mai sayarwa, ya sayi 500. Sai da ya fito da lasisinsa na 'yan sanda, wanda ya ƙayyade yawan harsashin da zai iya ajiyewa, mai sayarwar ya rubuta adadin a ciki, sannan ya miƙa masa kayan.