Amstadam: Ka Kula da Jar Hanya

Alhaji, in Allah ya kai ka Amstadam, babban birnin Holan, keke ya fi mota haɗari ga baƙo. A gefen titi akwai siririyar hanya mai launin ja; ta masu keke ce, kuma a guje suke. Kar ka tsaya a kanta kana duba waya.

Hattara tun daga filin jirgin Schiphol. In kana ɗauke da Yuro 10,000 ko fiye, ka bayyana wa kwastan. Bayyanawar kyauta ce, ɓoyewa ke jawo tara. Tashar jirgin ƙasa tana ƙarƙashin filin, kusan minti 20 ka isa tsakiyar gari.

A bas da taragon cikin gari ba a karɓar tsabar kuɗi. Katin banki ake dangwalawa a na'ura yayin shiga, a sake dangwalawa yayin fita. In ka manta na fita, za a cire maka fiye da kuɗin tafiyarka.

Shagon da aka rubuta wa "coffeeshop" wiwi ake sayarwa a ciki. Mai neman shayi ya nemi "café". Naman halal kuwa yana wajen mahauta Turkawa da 'yan Maroko. Kasuwar Albert Cuyp ba ta ci ran Lahadi. In ka yi marmarin doya da manja, nufi unguwar Bijlmer, inda 'yan Gana suke da yawa.

Fasfo kullum a aljihu, don doka ce. Ka riƙe lema, ruwan can ba ya sallama.

Allah ya kai lafiya, ya kawo kasuwa.